Rubutu mai kauri da karkata: ina ya dace, kuma me ya sa ƙ da ɗ ke fita daban?

Duk mai leƙa Facebook ko Instagram ya saba ganin wani irin rubutu mai kauri wanda ya ɗan kwanta zuwa dama, a sunayen shafuka da kanun sanarwa da tallan 'yan kasuwa. Irinsa ne a fastocin 'yan takara, da allunan shagunan waya, da jikin motocin kamfanonin aika kaya. Matsala takan fito fili idan Hausa aka rubuta. A rubuta "Ƙungiyar Ɗalibai", sai duk haruffan su yi kauri su karkata, amma Ƙ da Ɗ su tsaya ƙiƙam, sirara, kamar ba gida ɗaya suka fito da sauran ba. A wata wayar ma ba harafi za a gani ba, sai ɗan akwati fanko. Wasu na ɗora laifin a kan waya, wasu a kan mai ɗab'i, wasu kuma sun yanke hukuncin cewa kwamfuta ba ta jin Hausa, gara a cire ƙugiyar a huta.

Tushen ruɗanin shi ne abubuwa uku ne daban suke kama da juna a ido. Akwai harafin da gwani ya zauna ya zana da kauri da karkata. Akwai wanda na'ura ta tanƙwara ta kumbura da kanta. Akwai kuma wanda ba harafin rubutu ba ne sam, alamar lissafi ce aka aro. Kowane da halinsa, kuma Hausa na daga cikin harsunan da bambancin ke saurin bayyana a jikinsu.

Abin da sunan ke nufi

Masu tsara shafi suna kiran wannan salo da suna mai gaɓa uku a Turance, sans-serif bold italic, kowace gaɓa da abin da take faɗi.

Ta farko ta shafi siffar harafin. Idan aka dubi Times New Roman, wanda ɗalibai suka fi sani saboda buga kundin digiri, za a ga 'yan ƙafafu a ƙarshen sandunan haruffa: a gindin m, a kan d, a hannuwan T. Su ake kira serif. Harafin da aka zana ba tare da su ba shi ne sans-serif. "Sans" Faransanci ne, ma'anarsa "babu", kamar yadda kowane ɗan makaranta a Maraɗi ko Damagaram ya sani. Arial da Helvetica da Calibri da Roboto duk marasa ƙafa ne.

Ta biyu kauri ne, ko gwaɓi. A shafukan intanet ana auna shi da lamba daga 100 zuwa 900. Rubutun yau da kullum yana kan 400, mai kauri kuma yana kan 700. Kauri na gaskiya ya wuce ƙara tawada. Mai zane yakan faɗaɗa harafin kaɗan, ya gyara tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, don kada farin da ke cikin a da e da o ya toshe.

Ta uku karkata ce. A haruffa marasa ƙafa galibi tana tsakanin digiri 8 zuwa 12. Wanda ya danna B da I tare a Microsoft Word, ko G da I idan da Faransanci manhajarsa take, waɗannan biyun na ƙarshe ya haɗa.

Yadda ukun suka haɗu

Ba tare aka haife su ba, kuma ba don aiki ɗaya aka ƙirƙiro su ba.

Karkataccen harafi ne babba a shekaru. A 1501, a birnin Venis na Italiya, mai ɗab'i Aldus Manutius ya fitar da ƙananan littattafai da haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa, masu kwaikwayon rubutun hannun malaman zamanin. Daga sunan ƙasar Italiya sunan salon, wato italic, ya samo asali. Abin lura, da shi aka buga littafin gaba ɗaya, tun daga farko har ƙarshe. Sai daga baya aka mayar da shi mataimaki, ana tsoma shi cikin miƙaƙƙen rubutu don ware wata kalma ko sunan littafi.

Mara ƙafa ya zo bayan shekara ɗari uku. William Caslon na huɗu ya nuna na farko a Landan wajen 1816, manyan baƙaƙe zalla. Zamanin masana'antu ne, 'yan kasuwa na neman rubutun da za a hango daga nesa a jikin bango. Wannan buƙatar ce kuma ta haifar da kauri. A 1845 Robert Besley ya yi rajistar Clarendon, wanda aka riƙa amfani da shi a ƙamus da jadawali don kalma ta fita daban cikin sauran rubutu.

A ƙarni na 20 aka fara tunanin iyali guda mai 'ya'ya da yawa. Paul Renner ya fitar da Futura a Jamus a 1927. A 1957 Helvetica ta Max Miedinger ta fito a Suwizalan, a shekarar kuma Adrian Frutiger ya fitar da Univers, wadda ya tsara ta da siffofi 21, ya ba kowace lamba: 55 miƙaƙƙiya, 56 karkatacciya, 65 mai kauri, 66 mai kauri da karkata. Abin da ya kai wannan tsari hannun kowa shi ne kwamfuta. Arial, wadda Robin Nicholas da Patricia Saunders suka zana a 1982, ta shiga Windows 3.1 a 1992 da siffofi huɗu: miƙaƙƙiya, mai kauri, karkatacciya, da mai haɗa biyun. Kowace siffa fayil ce mai zaman kanta. A riƙe wannan, domin a kansa rabin matsalar Hausa take.

Karkata iri biyu, da ta ukun da na'ura ke yi

Ko a tsakanin haruffan da gwanaye suka zana, karkata iri biyu ce. Akwai wadda aka sake zana harafin gaba ɗaya bisa tsarin rubutun hannu. A Calibri da Gill Sans, misali, ƙaramar a ta karkataccen rubutu takan koma zagaye ɗaya da sanda, kamar yadda yaro ke rubuta ta a aji. Akwai kuma wadda harafin bai canja siffa ba, an dai jingina shi ne, sannan mai zane ya bi ya gyara inda ya lalace. Haka Helvetica da Univers da Futura suke. Arial ma haka take, ko da yake sunan da ke jikin fayil ɗinta na nuna kamar irin ta farko ce.

Masu zane sun daɗe suna jayayya a kan wadda ta fi. Masu goyon bayan ta farko suna cewa aikin karkata shi ne ta bambanta kalma da 'yan uwanta, kuma harafin da ya canja siffa ya fi saurin kama ido. Ɗaya ɓangaren na cewa haruffa irin su Futura an gina su ne a kan da'ira da miƙaƙƙen layi, shigo da lanƙwasar alƙalami cikinsu zai ɓata musu hali. Kowane ɓangare na da iyalan haruffa masu kyau da zai nuna, kuma a rubutu mai kauri sosai bambancin yakan ragu, tun da kaurin ya riga ya ja ido.

Inda ba su da saɓani shi ne a kan iri na uku. Idan mutum ya danna B da I alhali babu fayil ɗin wannan siffa a kwamfutarsa, yawancin manhajoji ba sa gaya masa. Sukan ɗauki miƙaƙƙen harafin su tura kansa zuwa dama, su kumbura gefunansa. Ana iya gane wannan a harafin O. Idan aka tura da'ira haka, ɓangaren sama na dama da na ƙasa na hagu sukan yi kauri, sauran biyun su sirance, sai harafin ya zama kamar ƙwai da aka matse. Kumburin kuma yakan cinye farin cikin harafi, ya matse tazara. A babban allo na kanti ana iya ganin munin daga tsallaken titi. A ƙaramin rubutu kuwa, bayan an yi masa hoto a na'urar kwafi sau biyu ko uku, e da a da o sukan koma ɗigon baƙi.

Rubutun Larabci da ajami na da ƙarin matsala a nan. Al'adarsu ba ta san jingina harafi don jaddada magana ba. Malamai sun saba da jan tawada, ko babban alƙalami, ko layi a saman kalma. Na'ura kuma zuwa dama take turawa, alhali rubutun hagu ya nufa.

Haruffan da ba haruffa ba ne

Abin da ake gani a sunayen shafukan sada zumunta labarinsa daban ne. A rubutun yau da kullum na Facebook, da bayanin kai na Instagram, babu maɓallin kauri ko karkata. Don haka mutane ke zuwa wasu shafuka ko manhajoji, su rubuta suna, a ba su shi a salo iri-iri, su kwafo su liƙa.

Kwamfuta ba siffa take adanawa ba, lamba take adanawa. A tsarin Unicode, wanda duniya ta amince da shi, kowane harafi na da lambarsa. Ta babban A ita ce U+0041, kuma ko an kaurara shi ko an karkatar da shi lambar ba ta canjawa, riga ce kawai aka sauya masa. Amma a 2001 an ƙara wani rukuni na musamman saboda masana lissafi da kimiyya, waɗanda a wurinsu siffar harafi ma'ana ce. A ƙa'idar rubutun kimiyya ta duniya, harafi mai kauri da karkata mara ƙafa alama ce ta wani nau'in adadi da ake kira tensa, kuma dole a bambanta shi da harafin da ke nufin adadi na yau da kullum. Babban A na wannan siffa lambarsa U+1D63C. A ido A ne. A wurin na'ura babu abin da ya haɗa shi da A, sai in an koya wa manhajar ta mayar da shi.

Wannan siffa haruffa 52 take da su na boko, manya 26 da ƙanana 26. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ, domin masu lissafi ba sa buƙatarsu. Ko alƙaluman 0 zuwa 9 babu su a wannan siffa mai karkata. Manhajar da ke sauya rubutu idan ta iso kan ƙ ba ta da abin da za ta musanya shi da shi, sai ta bar shi yadda yake. Abin da ya sa Ƙ da Ɗ ke tsayawa sirara a tsakiyar suna ke nan, kuma sauya waya ba zai gyara ba.

Waɗanda suka yi aikin buga Hausa a shekarun 1990 za su tuna makamancin wannan. Kafin Unicode ya yaɗu, haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun ba marubuta damar buga ƙugiya a lokacin da babu wata hanya. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ɗora siffar ƙ ko ɗ a kan lambar wani maɓalli daban. A takarda komai daidai yake. Amma da an kai rubutun kwamfutar da ba ta da su, sai a ga q da x da v, ko alamomin baka, sun fito a tsakiyar kalma. Har yau ana cin karo da tsofaffin rubuce-rubuce haka a intanet. A can siffar Hausa ce aka ɗora kan lambar aro, a nan kuma lambar lissafi ce ta yi shigar harafi.

WhatsApp ya bi wata hanya. Idan aka sa kalma tsakanin taurari biyu takan yi kauri, tsakanin layukan ƙasa biyu takan karkata, ana kuma iya haɗa su. A nan lambar harafin ba ta canjawa, wayar ce ke sauya masa riga, saboda haka ƙugiya takan bi sahu muddin haruffan da ke cikin wayar suna da ita.

Ƙugiya a cikin kauri

Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a 1939, ta taimaka wajen sabar da ido da su. A Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya an fi rubuta 'y. Ƙugiyar ita ce ke raba fada da faɗa, baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, sako da saƙo. Mai jin Hausa yakan gane daga yanayin jimla, amma a kanun labari ko allon kanti, inda kalmomi uku ne kacal, yanayin jimlar ba shi da yawa. Kuma a irin waɗannan wurare ne aka fi amfani da kauri da karkata.

Matsala ta farko ita ce ko harafin ma yana nan. A Unicode ba wuri ɗaya aka ajiye su ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin nazarin furuci, yayin da ƙ da ƴ da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suke wani rukunin. Mai zanen da ya nufi kasuwar Turai kaɗai zai iya tsallake rukunan biyu, ko ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Tun da kuma kowace siffa fayil ce daban, ana iya samun ƙ a miƙaƙƙen rubutu a rasa ta a mai kauri da karkata. Idan haka ta faru, na'ura takan aro harafin daga wani iyali, shi ya sa wani lokaci ake ganin ƙ mai ƙafa a tsakiyar kalma mara ƙafa. In ba ta samu ba ko'ina, sai ta sa akwati.

Ta biyu matsalar zane ce, kuma ta fi wuya. Ƙugiyar ɗ tana lanƙwasawa zuwa dama daga saman sanda. Idan aka karkatar da harafin, ƙugiyar takan ƙara matsawa dama. Idan aka kaurara shi, takan kumbura. A kalma kamar "ɗinki" ko "faɗi", ɗigon i yana daidai inda ƙugiyar ta nufa, kuma in ba a gyara tazarar ba sukan haɗe. A ɓ da ƙ kuwa ƙugiyar na rufa a kan jikin harafin, ɗan farin da ke ƙarƙashinta shi ne ke nuna ta, shi ne kuma na farko da kauri ke cinyewa. Babban Ƙ ya fi kowane rauni, domin bambancinsa da K ɗan lanƙwasa ne a ƙarshen hannun sama. Gwanin mai zane yakan rage kaurin ƙugiyar, ya buɗe bakinta, ya gwada ta kusa da i da l da k. Na'urar da ke kumbura harafi ba ta yin ko ɗaya.

Akwai iyalan da aka zana da irin waɗannan harsuna a zuciya. Noto Sans na kamfanin Google an yi shi ne da nufin kawar da akwatin nan fanko daga kowane harshe. Andika ta SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, wadda sunanta ke nufin "rubuta" da Swahili, an zana ta don masu koyon karatu. Duka biyun suna da haruffan Hausa, suna da siffa mai kauri da karkata, kuma lasisinsu ya yarda a yi amfani da su kyauta. Helvetica da Futura na asali kuwa sayensu ake yi.

Masu so da masu ƙi

Masu talla da masu zanen tambari suna son wannan salo saboda dalili bayyananne: kauri na nuna ƙarfi, jingina gaba na nuna motsi. Tambarin DHL da rubutun sunan Nike duk a kan wannan suka dogara, haka ma tamburan wasannin tsere da yawa. Mai zane 'yar Amurka Barbara Kruger ta yi suna a shekarun 1980 da gajerun jimloli cikin farin Futura mai kauri da karkata a kan jan zirin launi, kuma tambarin kamfanin tufafi na Supreme, da aka kafa a New York a 1994, ya ɗauki kama da wannan. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne gajarta. Kalma ɗaya ce, ko jimlar da ba ta wuce numfashi guda ba.

Editocin littattafai suna kallon abin ta wata fuska. A wurinsu kauri na da aikinsa, wato nuna kai ko kalmar da ake nema a ƙamus. Karkata ma na da nata, wato sunan littafi, ko baƙuwar kalma, ko jaddadawa a hankali. Haɗa su kamar mai shela ne ya ɗauki lasifika: akwai ranar da ake buƙatar hakan, amma ba a zance da shi. Sun fi yarda da shi a wuri biyu, ƙaramin kai na mataki na uku a dogon rahoto, da kuma sunan littafi ko baƙuwar kalma da ta faɗo cikin kan da dama mai kauri ne.

Masu kula da nakasassu da masu wahalar karatu suna da nasu ma'aunin. Ƙungiyar Birtaniya ta masu disleksiya, lalurar da ke wahalar da karatu, tana ba da shawarar a yi amfani da haruffa marasa ƙafa, a jaddada da kauri, a guji karkata da ja layi a ƙasa, domin suna sa haruffa su yi kamar sun cunkushe. Wani bincike da Luz Rello da Ricardo Baeza-Yates suka fitar a 2013 ya gano cewa karkataccen rubutu na rage saurin karatun masu wannan lalura. Ke nan biyu daga cikin gaɓoɓin salon suna da goyon bayansu, ta ukun ce suke ja da ita.

Ko batun ƙafa da rashinta bai mutu ba. A 2023 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta bar Times New Roman ta koma Calibri, bisa hujjar sauƙaƙa karatu ga masu matsalar gani, a ƙarshen 2025 kuma ta sake komawa Times New Roman bisa hujjar kwarjinin takardun hukuma. Idan aka auna hujjojin ɓangarorin uku, wato masu talla da editoci da masu kula da nakasassu, za a ga ba su yi nisa da juna ba kamar yadda ake zato. Babu wanda ke kare dogon sakin layi cikin kauri da karkata, kuma babu wanda ke hana shi a tambari. Alamomin hanya ma shaida ne: haruffan da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana wa titunan Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1950 marasa ƙafa ne, amma a miƙe suke, domin direba ba shi da lokacin sake duba kalma.

Abin da ya shafi mai kanti da malami da mai waya

Ga mai sana'ar da ya rubuta sunan shafinsa da haruffan lissafi, asarar farko ta nema ce. Wasu manhajoji sukan mayar da alamomin zuwa haruffa kafin su bincika, wasu ba sa yi. Mai saye zai iya rubuta sunan kanti daidai ya kasa samunsa. Ta biyu ta shafi makafi. Manhajojin da ke karanta musu allo da murya, irin su TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, sukan tsallake waɗannan alamomi gaba ɗaya, ko su karanta dogon sunan kowace ɗaya bayan ɗaya, har kalma mai harafi biyar ta zama surutun da ba a gane kansa. Sanarwar rasuwa ko ta ɗaurin aure da aka ƙawata haka ba za ta isa kunnensu ba. Tsofaffin wayoyi kuma akwatuna za su nuna.

Akwai ta kuɗi ma. Saƙon tes na yau da kullum na ɗaukar harafi 160. Da zarar an sa harafin da ba ya cikin tsohon jerin wayar salula, sai iyakar ta sauko zuwa 70, kuma gaskiya ita ce ƙ da ɗ ma suna jawo wannan. Amma kowace alamar lissafi gurbi biyu take ci, don haka 35 kacal ke cika saƙo ɗaya. Makaranta ko ƙungiyar da ke aika saƙo ga ɗaruruwan mutane za ta ji bambancin a lissafinta.

A takarda kuwa, wuraren da salon ke biyan buƙata sanannu ne: sunan kaya a jikin leda, farashi a fasta, kanun wasanni, kalmar gargaɗi guda a cikin takardar bayani, taken taro a kan bana. Wuraren da yake cutarwa su ma sanannu ne: umarnin jarrabawa mai layi da yawa, bayanin yadda ake shan magani, littafin 'yan aji ɗaya waɗanda ba su gama rarrabe b da d ba balle ɓ da ɗ, da duk takardar da za a yi ta kwafa. Fastar da aka rubuta sunan ango da na amarya da wuri da lokaci da jerin masu gayyata duk cikin kauri da karkata ta rasa abin da aka nema, domin ido ba ya samun inda zai fara sauka. Yawanci layi ɗaya ya isa, sauran a bar su a miƙe. Manyan baƙaƙe zalla kuma suna ƙara nauyin, musamman ga Ƙ.

Wanda zai kai aiki wurin mai ɗab'i yana iya neman abu biyu kafin a buga. Na farko, a buɗe jerin haruffan a CorelDRAW ko Word a nuna masa cewa siffar mai kauri da karkata tana nan da sunanta, ba na'ura ce ta ƙirƙiro ta ba. Na biyu, a rubuta masa Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙananansu, da ƴ idan aikin na Nijar ne, tare da kalmomi irin su "ɗinki", "ƙiƙam" da "ɓulɓul", a fitar da su a takarda daidai girman da za a buga, ba a fuskar kwamfuta kaɗai ba. Idan ƙugiyar ɗ ta taɓa ɗigon i, ko Ƙ ta koma K daga nisan taku biyar, sauya iyalin haruffan a wannan lokacin aikin minti biyu ne, tun ba a fitar da kwafi dubu ba.